Turaren da Ban Taɓa Sayarwa Ba

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa, "Hulda, ina hotunan gaisuwar aurenki?" to ku daina jira, babu hoto ko ɗaya. Mai hoton ya zo, an zuba masa jalof da naman akuya ya cinye, ya mayar da kyamararsa cikin jaka ya hau mashin ya koma Kafanchan. Ku gyara zama in ba ku labari. Amma ina gargaɗi tun yanzu, duk wadda ta rubuto mini "ki yi haƙuri, haka maza suke," zan goge lambarta, ko da kuwa ajinmu ɗaya tun firamare.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Hulda Azariya, 'yar Madakiya, shekarata ashirin da bakwai. Ina da ɗan shago a Kafanchan, a hanyar shiga kasuwa, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. Turaren mai nake sayarwa, irin wanda ake zubawa a ƙananan kwalabe masu ɗan ƙwallo a baki ana murzawa a fata. Wasu ina sayar da su yadda suka zo, wasu kuma ni nake haɗawa da hannuna.

Abin da kwastomomina ba sa son ji shi ne, turaren mai ba ƙamshi ɗaya gare shi ba. Yadda yake a kwalba daban, yadda yake a jikin mutum daban. Man itacen ud ɗin da a jikin wani zai yi ƙamshin itacen da ruwan sama ya jiƙa, a jikin wani sai ya koma kamar an shiga garken awaki. Farin miski a fatata kamar wankin da aka kwaso daga igiya ne, amma akwai wata malamar asibiti da in ta shafa shi, ko minti goma ba ya yi sai ya ɓace sam. Wardi yana son fata mai maiƙo, a busasshiyar fata sai ya yi ta ihu kamar sabulun wanka mai arha. Shi ya sa nake da doka a shagona. In kin zo, zan shafa miki a wuyan hannu, in ce ki shiga kasuwa ki yi cefanenki, rana ta doke ki, gumi ya fito, sannan ki dawo mu shinshina tare. Abin da muka ji a lokacin, shi ne turarenki. Wasu su yi tsaki su tafi. Waɗanda suka dawo kuwa ba sa sake zuwa wani shago.

Akwai guda ɗaya da ban taɓa sayar wa kowa ba. Na daɗe ina haɗa shi ina zubarwa kafin ya zauna. Man itacen sandal ne a ƙasa, sai banila kaɗan, sai farin miski, sai ɗigon man citta, irin cittarmu ta nan da Baba ke nomawa. Da an shafa, cittar ce ke fara tashi, har ta ɗan tsikari hanci. In ya jima sai ta kwanta, banilar ta fito da ɗumi. Zuwa yamma kuwa, a jikina, sai ya koma kamar ɗakin Mama ranar da ta soya gyaɗa ta rufe taga. An sha roƙona a coci, wata matar fasto har biyo ni ta yi wajen ƙofa. Na ce mata, "Mama, ku yafe ni, wannan nawa ne."

Mutum ɗaya ce kawai na taɓa ɗiga wa shi a hannu, ita ce Tamar.

Tamar 'yar Baba Yafet ce, yayan Babana. Na girme ta da kaɗan, gida ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Ranar da na gama haɗa turaren tana shagon tana cin masara, ta miƙo hannu.

"Yaya Hulda, abeg ɗan taɓa mini."

Na murza mata, na ce ta je ta sayo mana ruwan sanyi. Da ta dawo na kama hannun na kai hanci, sai dariya ta ƙwace mini har na dafe kanta.

"Mene ne?"

"Tamar, fatarki ba ta da mutunci! Kin mayar mini da turare kunun tsamiya."

Ita ma ta shinshina ta yamutsa fuska. Gaskiya ce kuwa. Duk abin da ke da zaƙi, in ya hau jikin Tamar sai ya yi tsami. Banilar ta mutu, cittar ta miƙe tsaye, wani ɗan tsami-tsami ya biyo baya kamar tsamiyar da aka jiƙa ta kwana. Ba wari ba ne, wani ma zai ce da daɗi, amma ba nawa ba ne. Muka yi ta dariya, na haɗa mata wani mai lemun tsami da ya dace da ita. Ku riƙe wannan a ranku.

Sai Patrick. Hmm. Patrick Luke, malamin sakandare a Kachia, mai kaɗa kibod a coci, dogo, mai wushirya, wanda ko gaisuwa zai yi wa tsohuwa sai ya cire hula ya rusuna. Mamarsa tsohuwar hedimistires ce, babansa ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Mu kuwa manoman citta ne. Ranar da Mama ta ji wanda ke nemana, sai da ta yi rawa a tsakar gida da muciya a hannu.

Daga nan ban sake samun sukuni ba. Kullum na je gida, kafin in ajiye jaka:

"Yaushe mutanensa za su zo?"

"Mama, ya ce bayan an yi hutun makaranta."

"Wane hutun? Na bara ko na bana? Hulda, sa'o'inki duk suna goyo. A zumuntar mata in an ce a kawo roƙon addu'a, kowa ni yake kallo. Na gaji da sa sunanki."

Baba ba ya magana da yawa. Dattijo ne a ikilisiya, in ya ce kalma biyu a yini ya yi surutu. Amma shi ma wata rana yana gyaran fartanya, ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Yaron nan, yana da niyya kuwa?" Wannan tambayar ta fi duk faɗan Mama yi mini nauyi.

Ana cikin haka Tamar ta samu aiki a wani kemis a Kachia. Ba ta san kowa a garin ba. Ni, Hulda, da bakin nan nawa, na kira Patrick na ce, "Ƙanwata ta zo garinku, don Allah ka riƙa leƙa ta, kada ta ji kaɗaici." Ya ce, "Ƙanwarki ai ƙanwata ce." Har godiya na yi masa, jama'a. Har da "Allah ya saka."

Wata Asabar ya zo shago ya zauna a benci yana kallona ina cika kwalabe da sirinji. Can sai ya ce:

"Bebi, ki ɗibar mini turaren nan naki."

"Wanne? Naka ya ƙare ne?" Don shi ma na haɗa masa nasa, ud da ɗan kanumfari.

"A'a, naki. Wanda kike shafawa. In kewarki ta dame ni a Kachia in buɗe in shinshina."

Na yi dariya. "Ai ba za ka ji ni a kwalba ba. Sai ya hau fata, ya yi ɗumi, sannan ya zama ni. A jikin kowa daban yake fita."

"Kin fara lakcar taki," ya ce yana danna waya. "Turare ai turare ne. Ki dai ba ni."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Wace ce za a ce mata haka ba ta ji kanta ya kumbura ba? Na zaɓi kwalbar da ta fi kyau, na cika ta, na ɗaura mata jan zare a wuya, na sa masa a aljihun riga da hannuna. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Na iso lafiya. Na buɗe kwalbar. Kamar kina ɗakin."

Na amsa: "Maƙaryaci. Na gaya maka ba haka nake ba."

Ya turo: "Kusa da ke ya fi babu ke."

Na karanta saƙon nan ya fi a ƙirga, har na nuna wa mai ɗinkin da ke kusa da ni. Kai, Hulda, an yi wawuya a nan.

Ba a daɗe ba ya ce mutanensa sun sa rana. Mama ta kusa tashi sama. Aka fitar da anko, atamfa mai ruwan goro da ganye-ganye, aka ɗaure akuya, aka aika wa dangi har na Kauru. Ni kuma na kai leshi ruwan zuma wurin ɗinki, doguwar riga mai dogon hannu, da gwaggwaro kalar zinare.

Ana saura mako guda ya zo Kafanchan kai tsaye daga Kachia, mun kwana biyu ba mu haɗu ba. Ya shigo shago da farar riga mai gajeren hannu, ya buɗe hannuwa, na faɗa ƙirjinsa. Hancina ya sauka daidai kwalar rigar.

Citta. Sandal. Sai tsamiya.

Na tsaya cak. Na sake jan numfashi a hankali. Turarena ne, ko a mafarki ba zan kasa gane shi ba. Amma banilar ta mutu, ga ɗan tsamin nan yana bin bayan cittar.

"Lafiya?" ya tambaya.

"Ƙamshin me nake ji a rigarka?"

Ko gezau bai yi ba. Murmushi ma ya yi, wushiryar nan ta fito. "Naki mana. Na ɗiga a riga da safe, don in taho da ke a mota."

Na ce, "Oh." Na kawo masa lemo, muka yi hirar kujerun da za a ɗauko daga coci. Ina dariya, ina amsawa, amma hankalina na kan rigar nan.

Yana fita na rufe shago rabi na zauna. Na ce wa kaina, Hulda, kada ki zama mahaukaciya, wataƙila turaren ne ya lalace, zafi ya taɓa shi. Na ɗauko babbar kwalbar da na ɗibar masa daga ciki, lafiyarta ƙalau. Na ɗiga a wani farin ƙyalle na shanya a rana, na bar shi har la'asar. Ƙyalle ba ya da gumi, ba ya da jini, yadda ka ba shi turare haka zai riƙe maka. Banila na nan daram. To ko fatar Patrick ce? Ita ma na san ta. Duk abin da ya hau jikinsa ɗaci-ɗaci yake komawa, kamar ɓawon goro, shi ya sa ma na haɗa masa ud. A duk mutanen da suka taɓa miƙo mini hannu a shagon nan, mutum ɗaya na sani da ke mayar da banila tsamiya.

Na ɗauki waya na rubuta wa Tamar: "Kina ganin Patrick kuwa a Kachia?"

Ta buɗe saƙon. Na ga tana rubutu, ta daina, ta sake farawa.

"Sama-sama. Wani lokaci a coci. Me ya faru, Yaya?"

"Babu komai. Ki zo da wuri ranar Asabar, ke za ki ɗaura mini gwaggwaro."

"Ni ce ma zan raka ki fita ai." Da hoton zuciya guda uku.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Na yi addu'a, na ce Ubangiji, in hancina ne ke yi mini ƙarya, ka toshe shi gaba ɗaya, na yarda in rasa sana'ar. Na so in tambayi Patrick, amma na san me zai ce, kuma na san zan yarda, don ina son in yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Bari in gaya muku yadda ake gaisuwa a gidanmu, don ku gane abin da ya biyo baya. In dangin saurayi suka zo, dattawa za su zauna, a yi addu'a, a faɗi abin da ya kawo su. Sai a zuba kunu a kofi a ajiye a tsakiya, a kira yarinya ta fito da 'yar rakiyarta. Mai magana da yawun gida zai tambaye ta ko ta san mutanen nan. In ta yarda da auren, sai ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa wa babanta. In uba ya sha, magana ta ƙullu, ba a kwancewa. Mai magana da yawun gidanmu kuwa Baba Yafet ne, baban Tamar.

Ranar Asabar tun da safe gidanmu ya cika. Hayaƙi ta ko'ina, tukunyar jalof a kan murhu biyu, ga tuwon acca, ga gwate an dama wa tsofaffi. Matan zumunta sun zo da ankonsu suna yanka albasa suna waƙa. An jera fararen kujerun roba a ƙarƙashin mangwaro. Wajen sha ɗaya motar su Patrick ta tsaya a ƙofar gida, na leƙa ta labule na gan shi cikin shadda ruwan toka, mamarsa a gaba da tabarau da jaka mai sheƙi.

Ni ina ɗakin Mama a bakin gado, na sa leshin, an yi mini kwalliya. Tamar ta shigo cikin anko, ɗinkin ya kama ta kyam, ta yi kitso sabo.

"Amarya! Wayyo, Yaya, kin ga yadda kika yi kyau kuwa?"

Ta rungume ni. Na ja numfashi. Sabulu, man gashi, da turaren lemun tsamin da na haɗa mata. Babu citta. Babu sandal. Allah ya sani, wani sanyi ya sauko mini har ƙafa, na ce na gode Yesu, ashe sharri na yi wa yarinyar nan. Har hawaye ya cika mini ido.

"Kada ki ɓata kwalliyar," ta ce. "Sunkuyo in ɗaura."

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauko gwaggwaron ta fara naɗawa, hannunta na hagu ya zo ya dafe mini goshi. Agogonta mai igiyar fata ya tsaya daidai hancina.

Abin da ba a gaya wa Tamar ba, turaren mai yana fita daga jiki da wanka, amma ba ya fita daga igiyar agogo. Yana shiga ciki ne da gumin mai shi, ya zauna. Citta. Sandal. Tsamiya. Ba na kwana ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Igiyar ta sha ta ƙoshi.

Na kama wuyan hannunta.

"Yaya, za ki kwance mini..."

"Ina kwalbar mai jan zare?"

Gwaggwaron ya zame ya faɗi ƙasa.

"Wace kwalba?"

"Tamar, ni ce fa. Ni na ce miki fatarki ba ta da mutunci, kin tuna? Kada ki ƙara mini da raini. Ina kwalbar?"

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannu biyu. Kuka ya zo mata irin mai shiƙa.

"Tana ɗakina a Kachia."

"Shi ya ba ki?"

Ta gyaɗa kai.

"Kyauta ya yi miki da turarena?"

"Ba kyauta ba ce." Da ƙyar nake jin ta. "Cewa ya yi in riƙa shafawa duk ranar da zai zo wurina. Ya ce hancinki ya yi yawa. Ya ce in kin ji a jikinsa za ki ɗauka naki ne."

Jama'a, na yi zaton na shirya wa komai. Na shirya jin cewa ya so ta, na shirya jin cewa shaiɗan ne, kuskure ne, sau ɗaya ne. Amma wannan? Ashe ranar da ya zauna a bencina yana cewa kewata ke damunsa, lissafinsa yake yi. Ni na cika kwalbar, ni na ɗaura zaren, ni na sa masa a aljihu. Abu ɗaya da na ce nawa ne a duniyar nan, shi ya ɗauka ya yi mayafin rufe ƙazantarsa. Da ma ya saurare ni sau ɗaya, da ya san ba zai yi aiki ba. Ko wannan darajar bai ba ni ba. Har yau da nake rubuta muku, ban iya buɗe babbar kwalbar ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Ista. Yaya, na rantse na ce masa mu daina. Ya ce bayan gaisuwa komai zai wuce. Ki yafe ni, don girman Allah."

"Kuma kika zo ki raka ni."

Sai na ji motsi. Mama ce tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta ajiye tiren a kan akwati, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta dubi Tamar, kallon da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan Adam ba. Na ce to, yau Mama za ta tsaya mini.

Ta sunkuya ta ɗauki gwaggwaron ta kakkaɓe shi.

"Ke, tashi ki wanke fuska," ta ce wa Tamar. Sannan ta juyo gare ni. "Kawo kan."

"Mama?"

"Baƙi na zaune. Fasto na zaune. Kawo kan in ɗaura."

"Mama, kin ji abin da ta ce kuwa?"

"Na ji. Da kunnena na ji." Naɗi take yi, tana ja har kaina na ciwo. "Hulda, babanki dattijon ikilisiya ne. Shi da Yafet ciki ɗaya. In maganar nan ta fita yau, gidan nan ya tsage biyu, kuma ke za a ce ba ki auru ba. Fita ki ɗauki kofin. In sun tafi, ni da kaina zan ci mutuncin yaron nan."

"In Baba ya sha fa? Ai ba a kwancewa."

Ta soke ƙarshen gwaggwaron, ta goge mini ƙasan ido da bakin zaninta. Idonta ita ma ya yi ja.

"Ki rufa mana asiri, 'yata."

Na Patrick ya yi mini ciwo, na Tamar ya fi. Amma wannan na Mama, ban san inda zan ajiye shi ba.

Daga waje muryar Baba Yafet ta tashi: "A fito mana da yarinya!" Mata suka ɗauki guɗa.

Na fita. Tamar na bayana, don Mama ta turo ta, ta ce in ba a gan ta ba za a yi tambaya. Rana ta haske mini ido. Na ga Baba a kujerarsa cikin babbar rigar da yake sawa ranar Kirsimeti kawai, ya ɗora hannuwa a gwiwa, fuskarsa a sake yadda ban taɓa gani ba. Na ce a raina, Hulda, kofi ne kawai, kurɓa ɗaya, tsohon nan ya kwana da farin ciki.

Sai na bi ta gaban Patrick. Ya ɗago ya yi mini murmushi, har da kashe ido ɗaya. Iska ta kawo mini ƙamshinsa, ud da kanumfari, wanda na haɗa masa da hannuna. Yau rigarsa tsaf take, babu ko ɗigon tsamiya. Ya shirya sosai.

Baba Yafet ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Hulda, 'yata, waɗannan mutane sun ce sun ga fure a gidanmu. Kin san su?"

"Na san su, Baba."

"Shi wannan saurayin fa, kin san shi?"

"Na san shi sosai, Baba. Yau ma na ƙara saninsa."

Aka yi dariya, mamar Patrick har da tafi.

"To ga kofi. Ki nuna mana."

Na sunkuya na ɗauka. Kunun da sanyinsa, ƙamshin citta na tashi daga ciki. Mai hoto ya matso ya durƙusa ya saita kyamara. Baba ya miƙo hannu tun kafin in iso. Na hango Mama a bakin ƙofar kicin ta haɗa tafin hannuwa a ƙirji.

Ban kurɓa ba. Na juya baya, na kamo hannun Tamar, wannan mai agogon, na ɗora mata kofin a ciki, na naɗe yatsunta a kai don kada ta saki.

"Ga babanki can," na ce, yadda na bayan mangwaro ma zai ji. "Ke za ki kai masa."

Guɗar da wata ta fara ta tsinke a tsakiya. Kofin ya karkace a hannun Tamar, kunu na zuba a kan ankonta. Patrick ya miƙe rabi, ya ce, "Bebi, wane irin wasa..." sai mamarsa ta fizgo rigarsa ya koma ya zauna. Baba Yafet ya cire tabarau a hankali, ya dubi 'yarsa, ya dubi Patrick, ya sake duban 'yarsa.

"Tamar," ya ce, "kofin wa ke hannunki?"

Tamar ta fashe da kuka.

Hannun Baba na nan a miƙe, babu komai a ciki. Na ga lokacin da ya gane, na ga yadda ya janye hannun ya mayar kan gwiwa. Na durƙusa a gabansa, don ban san me zan yi ba kuma, na ce, "Baba, ka yafe ni." Ina jira ya ture ni.

Sai na ji tafin hannunsa mai kaushi a kan gwaggwarona. Bai dube ni ba. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba tun da aka haife ni, ya miƙe tsaye yana dafe da kaina, ya nuna ƙofar gida.

"A rufe ƙyauren nan," ya ce. "Babu mai fita sai yaron nan ya gaya mini 'ya'yana nawa ya zo nema."